Katin Ranar Alhamis

Laraba da hantsi

Jikata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yaran nan biyu da har yau a hoto kawai na san su. Ni dai alhamdu lillahi. Gwiwar hagu tana nan da halinta, tari ya sauka, tabaran da kika aiko kuwa ya dawo mini da ƙananan haruffan da na ɗauka sun yi ƙaura daga duniya. Allah ya saka da alheri.

Bayan haka, ki yafe mini tashin hankalin da na jawo miki ranar Juma'ar da ta wuce. Tun rasuwar kakarki, yayata, muka ɗauki wannan al'ada: in na tashi da safe in buga miki waya, ta yi ƙara ɗaya in kashe, ke kuma ki san tsoho ya wayi gari. Ranar Juma'a ba ki ji ƙarar ba. Ba ciwo ba ne. Katin da nake sa wa wayar na mako guda ne, ko ka yi magana ko ba ka yi ba, in makon ya cika sai ya ƙone. Ran Alhamis nake sabuntawa, wannan Alhamis ɗin kuwa aka wuni ana ruwa, ban iya sauka ba. Iyakar labarin ke nan.

Da kika same ni a waya daga baya ranar, na ji muryarki, amma ban kama dukan maganar ba, kin san kunnen nan ba sa shiri da waya. Abin da na tsinta shi ne kina so ki raba ni da kati, ki mayar da ni layin biyan wata. Washegari da na sauka na tambayi mai kati ya bayyana mini. Ya ce da kati, kai kake fara biya sannan ka yi magana. Da biyan wata kuwa, magana kake fara yi sannan kamfani ya aiko da lissafi, layi ba ya yankewa, amma sai an yi yarjejeniyar shekara biyu. Na ce masa, shekara biyu? Ni da likita ma wata uku-uku yake ba ni.

Kin san aikin da na yi har na karɓi fansho, akawun gidan waya ne, a kantar tangaraho, inda ake buga saƙon gaggawa. A zamaninmu kalma kalma ake biya, kuma kafin a buga. Na ga mutum ya zo da magana cike da baki, da ya ji farashi ya tsaya ya tace ta har ta koma kalma huɗu, kuma waɗannan huɗun su ne gaskiyar abin da ya zo faɗa. Tun daga nan nake ganin girman maganar da aka biya kuɗinta tun farko.

Kuma sayen katin ba wahala ba ne. Ran Alhamis nakan yi aski, in sa rigar da na goge tun Laraba, in ɗauki sanda. Matakalar benen nan nakan huta a tsakiyarta, inda taga take, in kalli tantabarun rufin maƙwabta har numfashi ya dawo. A titi akwai dakalin mai gyaran takalma, nan ma nakan ɗan zauna. Sai tsallaka babban titi, wanda yake buƙatar haƙuri, don masu babur ba su san tsoho ba. Daga nan sai rumfar mai kati, akwatin wasiƙu kuma yana gefenta, shi ya sa duk takardata ran Alhamis take tashi.

Mai katin nan tsohon direba ne, ƙafa ta hana shi tuƙi. Bakinsa bai da linzami. Da ya hango ni sai ya ɗaga murya: "Akawu, ashe ba ka mutu ba?" In ce, "Ina jira ka riga ni, in ga yadda ake yi." Ya jawo mini kujera a ƙarƙashin allon da ya rubuta farashin katunansa, ya kankare katin da kansa, don hannuna yana rawa, ya loda mini. Kafin nan mun gyara duniya, mun tsige waɗanda suka cancanci tsigewa.

Saboda haka ki bar ni da katina. In aka sake yin ruwa ran Alhamis, ki ɗora laifin a kan hadari.

Ki gaida maigidanki, ki ce masa har yanzu ban yafe masa ƙwace mini ke da ya yi ba.

Haza wassalam,
Kakanki

*

Lahadi, bayan na taso daga aiki

Kaka,

Ina gaisuwa. Muna lafiya lau, sai ƙaramin da ya yi mura ya warke. Maigidan yana gaishe ka, ya ce in kana son matarka ka zo ka ɗauka, amma ka taho da kuɗin makarantar yara.

Kaka, na karanta takardarka sau biyu, ta biyun a tsaye. Kai kana ba ni labari kamar na yawon shaƙatawa, ni kuwa abin da na gani daban ne. Mutum yana hutawa a tsakiyar bene don numfashi ya dawo. Yana sake zama kafin ya kai titi. Yana tsallaka babbar hanya da sanda tsakanin babura. Hannunsa yana rawa. Kaka, ni ma'aikaciyar jinya ce, irinku nake karɓa kullum a ɗakin masu karaya, kuma kowannensu cewa yake ɗan nan da nan ne zai je ya dawo.

Ba ka san yadda na yi ranar Juma'ar nan ba. Ina raba magani ina duba waya a aljihu. Na kira, ba ka ɗauka ba, na sake kira, shiru. Ba ni da lambar kowa a gidan da kake. Sai da na shiga ɗakin ajiyar kaya na yi kuka na fito. Duk a kan kati.

Kuma katin nan cuta ce. Kana biyan kuɗi kowane mako, ba ka yi maganar minti biyar ba ya ƙone. Ni a layina ana iya ƙara ɗan uwa da kuɗi kaɗan, kira ba iyaka, ba ranar da zai yanke. Yarjejeniyar da sunana take, ba da naka ba, don haka maganar likita da wata uku ba ta taso ba, kuma ka daina irin wannan wasan, ba ya ba ni dariya.

Na riga na yi. Ga sabon sim nan na manna a jikin takardar nan, ka ba wani ya sa maka. Daga yau ba sai ka sauka ba, ko ana ruwa ko ana rana. Mai kawo maka cefane yana nan yana kawowa, maganinka ana kawo maka, katin nan ne kaɗai ya rage yake fitar da kai, ga shi na ɗauke maka. Kuma ka daina ƙara ɗaya kamar marowaci, ka kira mu yi hira har kunne ya yi zafi.

Na san za ka ce yarinya ta yi maka shisshigi. Ka faɗa, na ji. Rigakafi ya fi magani.

Jikarka

*

Laraba

Jikata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na yi murna da jin ƙaramin ya warke. Ni ma lafiya, ba abin da ya ƙaru.

Takardarki ta iso, da abin da ke cikinta. Ban san kin yi kuka ba. Da na kai wurin da kika rubuta haka sai na ajiye takardar. Ban haifa ba, uwargidana ta riga ni, yayata ta bi ta, ban zaci akwai sauran wanda zai shiga ɗakin ajiyar kaya saboda ni ba. Wanda aka yi wa haka ba ya gardama. Na karɓa, na gode.

Ba wanda na sani da zai iya sa mini sim ɗin sai mai kati, don haka jiya na sauka wurinsa, ko da yake ba ranata ba ce. Ya ce, "Akawu, yau Talata, ko ka fara ruɗewa ne?" Na miƙa masa. Ya juya shi, ya karanta abin da ke jiki, ya ce, "A'a, biyan wata! Ka zama manya." Ya buɗe bayan wayar da farcensa, ya zare tsohon, ya sa sabon, ya gwada kiran tasa wayar ya ga ya shiga. Ya naɗe tsohon sim ɗin a 'yar takarda ya ce in adana, ba a san gobe ba.

Na tambaye shi ladan aikinsa. Ya ce, "Wanzami ba ya karɓar kuɗi ranar da ya aske wa kansa ciniki." Ya yi dariya, ni ma na yi. Ya ce, "Ai za ka riƙa leƙowa dai." Na ce in Allah ya so.

Layin yana aiki sosai. Kin ga ƙarar safiyar yau ta iso miki da sabuwar lamba. Ki yi haƙuri da ƙara ɗayan, hannu ya saba.

Wannan takardar gobe zan sauka in jefa ta, tun da na riga na goge riga.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki.

Haza wassalam,
Kakanki

*

Asabar

Kaka,

Ina gaisuwa, ina fata kana lafiya. Mu dai lafiya, sai ni da na yi zazzaɓi kwanakin baya, wanda na gaya maka a waya.

A kan wannan ma nake son magana. Na ce maka, "Kaka, zazzaɓi ya kwantar da ni, ban je aiki ba." Ka ce, "To, madalla, madalla." Na ce maigidan ya yi ɗan haɗari da mota amma bai ji ciwo ba, ka ce, "Haka ake so." Duk abin da na faɗa, to, to, madalla, sai ka ce a gaida yara ka kashe. Da kana kan kati na ɗauka kuɗi kake tattali. Yanzu fa, me kake tattali?

Ga shi wata ya wuce, na biyu ya kama, ba takardarka ko ɗaya. Tun ina makarantar jinya ban taɓa yin mako biyu ban ga rubutunka ba. Ƙarar safe tana zuwa kullum, ban musa ba, amma ƙara ba ta gaya mini komai sai cewa yatsanka yana motsi.

In fushi kake don na yi abu ban jira izininka ba, ka fito ka faɗa. Ka yi mini faɗa irin na da, da manyan kalmominka na akawu, na fi son haka da wannan madalla. Takardarka ta ƙarshe godiya ce tun daga sama har ƙasa, kuma na san ka, in ka cika godiya akwai abin da ka haɗiye.

Ni ban yi don in raina ka ba. Kai kaɗai ka rage mini a tsofaffinmu.

Jikarka

*

Litinin da rana

Jikata,

Gaisuwa mai yawa. Sannu da jiki, sannu, Allah ya ƙara sauƙi, kuma a yi wa maigidanki barka da arziki. Yau na san kin yi zazzaɓi, yau na san ya yi haɗari, daga takardarki. Ki dubi girman Allah ki yafe mini madallar nan.

Ba fushi nake ba. Zan faɗa miki abin dalla-dalla, ba tacewa, tun da yanzu ba a biyan kalma.

Na farko kunne. Na sha ce miki ba sa shiri da waya, kina ɗauka zancen tsofaffi ne. Gaskiyar ita ce in mutum yana gabana ina kallon bakinsa, ina kama mafi yawan maganarsa. A waya kuwa muryarki nake ji, ba kalmominki ba, kamar ana magana a ɗakin maƙwabta. Nakan gane ke ce, nakan ji daɗi, sai in riƙa cewa madalla a inda na ji kin tsaya. Kira mara iyaka a wurina kamar a ba makaho madubi ne.

Na biyu takarda. Akwatin wasiƙu yana gefen rumfar mai kati, ni kuwa tun Alhamis ɗin da na jefa miki waccan ban sake sauka ba. Za ki ce me ya hana ni zuwa haka kawai, mu gaisa. Na yi niyya. Alhamis ta farko na yi aski, na sa riga, na ɗauki sanda, na tsaya a bakin ƙofa. Sai na tambayi kaina, in na je me zan ce na zo yi? Shekarun da na yi a kantar gidan waya, ba abin da na tsana irin mutumin da zai zo ya jingina ba ya sayen komai, yana tare wa masu buƙata wuri. Na kori irinsu ba adadi. An koya mana cewa wurin sana'ar mutum ba zaure ba ne. Da kati a hannuna ni mai ciniki ne, kujerar nan hakkina ce. Ba kati, ni tsoho ne da ya rasa wurin zuwa, ana ba shi kujera don tausayi. Na san za ki ce wannan girman kai ne. Wataƙila. Amma da shi aka gina ni, ya yi latti a sauya tubali. Na cire rigar na rataye.

Takardu kuwa na rubuta miki har uku, suna nan kan tebur. Na ce gobe, na ce jibi. Ranaku suka zama iri ɗaya, har na daina sanin wace ce Alhamis sai na duba kalanda. Rediyo, shayi, taga, gado. Mai kawo cefane yakan ajiye a bakin ƙofa ya ƙwanƙwasa ya wuce, yana sauri. Da na ga abin ya yi yawa, makon jiya na ce bari in sauka ko don takardun. Jikata, ƙafafun suka ƙi. Ban kai tagar tsakiyar bene ba suka fara rawa kamar ba nawa ba. Na zauna a kan matakala, na komo sama da zaune, kamar yaro mai koyon rarrafe. Ban faɗi ba, kada ki tashi hankalinki. Amma na gane tafiyar nan da kike ganin za ta karya ni, ita ce take riƙe da ni.

Yau da hantsi na ji ana dukan ƙofa da abin da ba hannu ba. Na buɗe, sai ga mai kati da sandarsa, yana haki kamar ya yi tsere, ga takardarki a hannunsa, ya tsinto ta a akwatin ƙofar gida inda ta kwana biyu tana jirana. Ya rufe rumfarsa, ya hau benen nan da ƙafa ɗaya da rabi.

Ya ce, "Akawu, ashe ba ka mutu ba."

Na ce, "Ina jira ka riga ni."

Ya ce, "Saura kaɗan a matakalar nan." Ya zauna a bakin gado ba a ba shi izini ba, ya dubi ɗakin, ya dubi ni. Ya ce, "Ka rame. Na tambayi mai gyaran takalma ya ce bai gan ka ba, na ce to ko dai an kai ka ba a gaya mana ba. Me ya hana ka zuwa?"

Na ce ba ni da abin saye.

Ya ce, "Kai dai an yi tsohon banza. Ni na ce maka sai da kuɗi ake zama?"

Na ce ba shi ya faɗa ba, ni na faɗa. Ya girgiza kai, ya ce taurin kan 'yan boko na da ba shi da magani. Na dafa shayi muka sha. Shi zai jefa miki wannan, tare da ukun da suka tsufa a kan tebur.

Ga roƙona. Ki bar ni in koma katina. Ba don layinki bai da kyau ba, ya fi nawa ta kowace fuska, na yarda. Amma shi ba ya buƙatar in je ko'ina. Tsohon sim ɗin yana nan a naɗe, mai kati ya ce bai riga ya mutu ba, in aka sa masa kati zai tashi. In kin ce a'a, ba zan saɓa miki ba, don ban manta da ɗakin ajiyar kaya ba.

Haza wassalam,
Kakanki

*

Juma'a

Kaka,

Ina gaisuwa. Duka huɗun sun iso rana ɗaya, na jera su na karanta. Muna lafiya.

Kullum a wurin aiki ni ce mai yi wa 'yan uwan marasa lafiya faɗa. In ce kada ku yi masa komai da komai, ku bar shi ya tashi ya ɗauko ruwansa da kansa, ƙafar da ba a takawa mutuwa take. Sai ga shi na zaunar da kakana da hannuna, ina ganin gata na yi masa. Ka rubuto mini labarin tantabaru da dakali da abokinka, ni kuwa ban ga komai a ciki ba sai numfashi da babura. Ka yafe mini.

Amma ni ma ka ji nawa. Tsorona bai tafi ba. Don haka ga sharuɗɗa, in ka ga dama ka kira su yarjejeniya, kuma tawa ba ta shekara biyu ba ce, ta har abada ce.

Ka ba mai kati lambata, ka aiko mini da tasa. In an yi ruwa ran Alhamis, shi ya loda maka daga rumfarsa, ka biya shi in ka sauka. In Alhamis ta yi ba ruwa kuma bai gan ka ba, ya kira ni. Benen kuma kada ka ce za ka sauke shi rana ɗaya. Ka fara da zuwa tagar nan ka dawo, kullum, hannu a jikin ƙarfe, har ƙafar ta tuna aikinta. Babban titi kuwa ka jira wani ku tsallaka tare, ba a rage wa akawu girma don ya bi bayan mutane.

Layin biyan watan ba zai soku ba sai an biya tara, na tambaya. Ka aiko mini da sim ɗin, zan ba babban yaron, dama ya ishe ni da roƙo. Ka ga ka yi masa hanya.

Ni kuma na yi alkawari ba zan taɓa turo maka kati daga nan ba, ko da ina iyawa da danna waya sau biyu. Kuma na daina kiranka da dogon zance. In na ji ƙararka ɗaya da safe, zan mayar maka da biyu, ka san ni ma na wayi gari. Sauran magana a takarda. Kunnen kuma akwai abin da ake sawa, za mu yi maganarsa in na zo hutu, kada ka fara gardama tun yanzu.

Ka gaida mai kati. Ka ce masa matarka ta gode.

Jikarka

*

Alhamis da la'asar

Jikata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina lafiya. Gwiwar hagu tana ƙorafi, amma yau ƙorafin wanda ya yi aiki ne.

Na karɓi sharuɗɗanki duka, ban da na kunne, wanda na ajiye sai kin zo. Ƙararki biyu tana isowa. Nakan riƙe wayar a tafin hannu don in ji motsinta, sai ta yi na biyun nake ɗora ruwan shayi.

Na bi umarninki, likitata. Kwanaki ina zuwa taga ina dawowa, har tantabarun suka daina tashi in sun gan ni. Sannan ƙofar gida. Yau na yi aski, na sa rigar da ta gaji da rataya, na sauka gaba ɗaya. Mai gyaran takalma ya share mini dakali da hannunsa. A babban titi na jira wata mata mai tura keken jariri, na bi gefenta kamar tare muke.

Mai kati ya hango ni tun daga nesa, amma bai yi kirarin da ya saba ba. Ya bari sai da na iso na zauna, na huce, sannan ya ce, "Malam, me za a ba ka? Nan wurin sana'a ne, ba a zaman banza." Na ce kati na zo saye. Ya ce, "To, yanzu ka yi magana."

Ya cire sim ɗinki, ga shi nan na manna a ƙasan takardar nan, a ba yaron, a ce masa ya riƙa tace magana. Ya mayar da tsohon nawa. Ya ɗauko katin mako zai kankare, sai ya tsaya, yana juya shi a hannu.

Ya ce, "Akawu, akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Akwai katin wata guda. Ya fi wannan araha nesa ba kusa ba, kuma sau ɗaya a wata za ka riƙa saukowa. Jikarka ta amince da ni, bai kamata in ɓoye ba."

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "Wa ya gaya maka?"

Na ce, "Ga shi nan a rubuce a allon da ke bisa kaina, layi na uku. Shekara nawa ina zama a ƙarƙashinsa? Kuma ka rubuta shi da kuskure."

Ya dube ni, ya dubi allon. Ya ce, "To wanne za a ba ka?"

Na ce, "Na mako."

Ya kankare.

Wannan takardar a rumfarsa na rubuta ta, a kan gwiwata, shi ya sa layukan suka karkace. Akwatin yana nan gefena, in na miƙa hannu zan jefa. Sai Alhamis mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Haza wassalam,
Kakanki